Tsofaffin haruffan ado sun dawo kan fastoci, sai dai ba su zo da ƙugiyar Hausa ba

Duk ma'aikacin da aka taɓa ɗora wa nauyin shirya taro a Abuja ya san irin wannan safiya. Ƙarfe takwas da rabi, an rataye kyallen sanarwa a bayan babban teburi, minista zai iso ƙarfe goma, sai wani ya ɗaga kai ya ga abin da babu wanda ya lura da shi jiya da dare a fuskar waya. An rubuta MARABA DA BAƘI da manyan haruffa masu kauri da ado irin na da, amma harafi ɗaya ya fita zakka: Ƙ ɗin ya zo siriri, gajere, kamar wanda ya shigo biki da kayan barci. Wani lokaci ma akwati ne fanko a gurbinsa. Idan kuwa mai zanen ya gaji da kokawa da shi, sai ya sa K kawai ya huta, a wayi gari ma'aikatar gwamnatin tarayya tana yi wa baki maraba.

Abin yakan ba da dariya, amma ba ga wanda ya sa hannu a kan samfurin ba. An riga an biya mai ɗab'i, babu lokacin sake bugawa, kuma kafin babban sakatare ya gama jawabin buɗe taro hoton kyallen ya riga ya shiga Facebook. Galibi akan ɗora laifin a kan yaron da ya yi zanen. Gaskiyar magana ita ce matsalar ta girmi yaron da kwamfutarsa, domin tushenta yana cikin tarihin haruffan da kansu, waɗanda yanzu suka dawo yayi a kan fastoci, kalandu, tambarin kamfanoni da katunan gayyata.

Haruffan da aka ƙera don su ɗaga murya

Sama da shekara 300 bayan Gutenberg ya kafa injin ɗab'insa a Jamus, kusan duk haruffan da ake zubawa na littafi ne: ƙanana, masu natsuwa, waɗanda ake karantawa a zaune. A farkon ƙarni na 19 ne birnin Landan ya cika da masana'antu da 'yan kasuwa da gidajen wasa, kowa yana neman mai wucewa ya tsaya ya dubi takardar da ya manna a bango. Harafin littafi ba zai iya wannan aiki ba, don haka maƙeran haruffa suka shiga neman wanda za a hango daga ƙetaren titi.

Na farko da ya yi fice shi ne wani harafi mai ƙiba, wanda jikinsa ya kumbura amma gaɓoɓinsa suka zauna sirara kamar zare. Galibi ana danganta shi da wani maƙerin haruffa na Landan mai suna Robert Thorne. Wajajen 1815 kuma Vincent Figgins ya fito da wani salo mai faffaɗan ƙafafu kamar an gina shi da bulo. Turawa suka riƙa kiran irinsa da sunan Masar, duk da cewa babu abin da ya haɗa shi da ƙasar face yayin labarinta da ake yi a Turai a wancan zamani.

Girman harafi sai ya zo da tasa matsalar. Idan aka zuba babban harafi da dalma, yakan yi nauyi da tsada, kuma yakan lotsa a tsakiya yayin da yake hucewa, tawada ta kasa kama shi daidai. Wani Ba'amurke mai suna Darius Wells ne ya warware wannan a birnin New York, inda ya ƙirƙiro na'urar sassaƙa haruffa a jikin katako, ya kuma fitar da kundin samfurinsa na farko a 1828. A 1834 William Leavenworth ya ƙara wata dabara da ke ba da damar kwafar siffa ɗaya a girma daban-daban. Daga nan ƙofa ta buɗe. Katako ya fi dalma sauƙin sarrafawa, sai masu sassaƙa suka shiga yi wa haruffa inuwa, da furanni, da ƙahoni, da ƙafafu masu rabuwa biyu kamar wutsiyar kifi. Kamfanin Hamilton da aka kafa a 1880 a garin Two Rivers na jihar Wisconsin ya zama gagarabadau a wannan sana'a, kuma gidan tarihin da ke garin a yau yana ajiye da guntayen haruffan katako sama da miliyan ɗaya.

Abin lura a nan shi ne manufar da aka yi su dominta. An ƙera su ne don kalma uku ko huɗu a saman fasta: sunan haja, ranar gwanjo, tukuicin wanda ya kamo ɓarawo. Kuma an ƙera su ne don Ingilishi, mai haruffa 26.

Kowane harafi da warin garinsu

Da yawa daga cikin haruffan da ke cikin kwamfutocin ofisoshinmu jikokin waɗancan ne, kuma kowannensu yana tafe da labarinsa ko da mai amfani da shi bai sani ba.

Clarendon, mai kauri da kamala, ya fito a Landan a 1845 daga hannun Robert Besley. Cooper Black, mai taushin gefe kamar curin fura, Oswald Cooper ne ya zana shi a Chicago, ya shiga kasuwa a 1922, kuma shi ne a jikin jiragen kamfanin easyJet. Broadway na Morris Fuller Benton ya fito a ƙarshen shekarun 1920, yana ɗauke da ƙyalƙyalin gidajen rawa da sinima na New York. Playbill, wanda Robert Harling ya zana a 1938 ga kamfanin Stephenson Blake na Sheffield, kwaikwayon haruffan katako ne na ƙarni na 19, kuma duk wanda ya kalli finafinan kaboyi ya san shi a kan takardar neman mai laifi ruwa a jallo. Algerian, wanda ya cika allunan shaguna da takardun shaidar halartar bita, shi ma daga wancan kamfani na Sheffield ya fito a farkon ƙarni na 20, ya yaɗu a duniya ne bayan ya shigo cikin manhajojin Microsoft. Sai kuma Old English, mai ƙayoyi da kusurwoyi, wanda asalinsa rubutun hannun marubutan Turai ne tun kafin injin ɗab'i.

Dalilin dawowarsu ba ɓoyayye ba ne. Shekaru da dama manyan kamfanoni suna aske tambarinsu, suna komawa haruffa marasa ado waɗanda ke fita tsaf a ƙaramar fuskar waya, har kowa ya yi kama da kowa. Mai son a bambanta shi sai ya waiwaya baya, tun da Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Gidan burodin da aka buɗe bara yana iya sa harafin 1890 a ledarsa, mai saye ya ji kamar kakarsa ma a nan take saye.

Ga kamfani wannan dabarar ciniki ce. Ga hukumar gwamnati kuwa akwai abin dubawa, domin harafi yana magana kafin a karanta kalmar. Fastar da ke kiran 'yan fansho su zo tantancewa, idan aka rubuta ta da Playbill, ta yi kama da sammacin kama su. Sanarwar ɓarkewar kwalara da aka yi wa harafin Broadway ta yi kama da gayyatar casu. Sunan ma'aikata da aka jera da manyan baƙaƙen Old English daga farko har ƙarshe kuwa, ko wanda ya rubuta shi sai ya tsaya ya yi ta haɗa baƙi.

Harafi kuma yana da ranar haihuwa, kuma yakan tona asiri. A 2017, kwamitin binciken da Kotun Ƙolin Pakistan ta kafa kan dukiyar iyalan Firaminista Nawaz Sharif ya lura cewa wata takarda mai ɗauke da kwanan watan 2006 an buga ta ne da Calibri, harafin da bai shiga hannun jama'a sosai ba sai a 2007. Maganar ta zama babban batu a shari'ar da ma jaridun ƙasar. Wanda aikinsa ya shafi takardu ya kamata ya riƙe wannan: siffar rubutu shaida ce, ba kwalliya kaɗai ba.

Inda ƙugiya ta maƙale

Hausar boko tana da sautuka da Ingilishi bai san da su ba. Masu rubutun farko sun gwada sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu kuma suka sa alama a gefensa, kafin a tsaya a kan ɓ, ɗ da ƙ masu ƙugiya a shekarun 1930. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, tana cikin abin da ya zaunar da wannan tsari a idon masu karatu. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Jamhuriyar Nijar kuma ƴ.

Ƙugiyar nan ita ce ke raba ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, ɗaki da daki, ƙarya da karya, ɓata da bata. Taken gangami da ya ce a yi kishin ƙasa, in ƙugiyar ta faɗi, ya koma kishin wata macijiya. Mai karatu yakan gane abin da ake nufi daga yanayin magana, amma yakan kuma gane cewa wanda ya aiko da saƙon bai damu da harshensa ba. Wannan ne babbar asarar, musamman ga hukumar da ta kashe kuɗi don ta jawo hankalin talakan Gusau ko Haɗeja.

Gwamnatin tarayya ta daɗe da sanin matsalar. A shekarun 1980, Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranci aikin samar da jerin haruffa guda da zai wadatar da harsunan Nijeriya, bisa shawarar masaniyar harshe Kay Williamson, kuma fitaccen mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Wancan yunƙuri ya fuskanci keken rubutu da littattafan makaranta ne. Haruffan ado na fasta ba su shiga lissafi ba.

Da kwamfuta ta zo, tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu. Sai dai samun lamba daban, samun wanda zai zana siffar daban. Haruffan Hausa ba sa cikin rukunin farko da masu zane ke cikawa don kasuwar Turai da Amurka. Ƙananan ɓ da ɗ ma suna can cikin rukunin alamomin masana furuci ne, manyansu kuma a wani rukuni dabam. Mai zanen da ya farfaɗo da harafin katako na 1870 don ya sayar wa masu gidajen shayi a Turai ba shi da dalilin zuwa can. Idan aka buga Ƙ a irin wannan harafi, manhaja sai ta duba ta ga babu, ta aro daga wani harafin da ke da shi ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Abin da ya faru da kyallenmu ke nan. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. Fastar tarayya takan fita da harsuna uku ko fiye. Yarbanci yana buƙatar ẹ, ọ da ṣ tare da alamomin karin sauti, Ibo yana buƙatar ị, ọ, ụ da ṅ, Fulfulde kuma yana da ɓ, ɗ, ŋ da ƴ. Hatta alamar ₦, ta kuɗin da muke kashewa tun 1973, babu ita a yawancin tsofaffin haruffan ado, shi ya sa ake ganin N tsirara ko alamar # a gaban farashi.

Tsohon harafi na gida

Abin da ake mantawa shi ne mu ma muna da namu haruffan ado na da. Suna jikin manyan motocin katako da suka yi jigilar goro da shanu tsakanin Kano da Kudu, inda masu fenti ke rubuta addu'a ko habaici da haruffa masu inuwa da launi uku. Suna kan allunan teloli da masu gyaran rediyo da gidajen hoto. Suna cikin zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, da rubutun Kano mai kaurin alƙalami da ake bugawa a littattafan kasuwar Kurmi. Mai fentin mota bai taɓa rasa ƙugiya ba in ya so sa ta, domin burushi ba ya jiran izinin wani kamfani.

A 'yan shekarun nan matasan masu zane na Nijeriya sun fara mayar da wannan gado cikin kwamfuta. Ƙungiyar Afrotype ta fitar da harafin Danfo, wanda ta ɗauko daga rubutun jikin motocin haya masu ruwan ɗorawa na Legas. Abin sha'awa, yana da ƙafafun nan masu rabuwa irin na haruffan katakon ƙarni na 19, wato salon ya yi tafiya ya zo nan, ya zauna, ya koyi yaren gari. Sun kuma fitar da Tac One, bisa rubutun tambarin bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna. Chisaokwu Joboson ya zana Ojuju, yana kallon kayan dodannin gargajiya. Dukkansu suna rumbun Google Fonts kyauta, kuma tun daga tushe an zana su ne da harsunan Afirka a zuci. A ɓangaren ajami, cibiyar SIL ta fitar da Alkalami, wanda ya bi salon rubutun Kano.

Har yanzu akwai babban gurbi. Rubutun motocin Arewa da allunan tsofaffin shagunan Sabon Gari da Fagge suna shuɗewa tare da masu fentinsu, injin buga leda yana maye gurbinsu. Hukumomin al'adu da sassan zane na jami'o'inmu suna iya ɗaukar hotunansu su adana tun kafin a fente su, domin daga irin wannan taska ce Amurkawa suka farfaɗo da nasu.

Harafi ma yana da mai shi

Akwai wani ɓangare da ya shafi masu kula da kwangila. Harafin kwamfuta manhaja ce, kuma yawanci lasisin amfani da ita ake saya. Da yawa daga cikin waɗanda ake saukewa kyauta a intanet an rubuta a jikinsu cewa don amfanin kai ne kawai, wanda bai haɗa da tambarin hukuma ko allon kan titi ba. Rigimar tsohuwa ce: Besley ya yi wa Clarendon rajista a ƙarƙashin dokar Birtaniya, kariyar ta shekara 3 ce, tana ƙarewa masu kwafa suka yi masa caa. A zamaninmu an sha kai manyan kamfanoni kotu a Amurka kan amfani da harafi fiye da abin da lasisinsu ya yarda.

Tambari abu ne da zai hau takardar wasiƙa, motoci, katin shaida da ginin ofis na shekaru. Bai dace a gina shi a kan harafin da ba a san mai shi ba. Mafita mai sauƙi ita ce haruffan da ke ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin OFL, wanda ya halatta amfani da su a kowane aiki, ya kuma halatta a yi musu ƙari bisa sharuɗɗansa. Ma'ana, hukuma tana iya biyan ƙwararren mai zane ya ƙara ɓ, ɗ, ƙ da ₦ a irin wannan harafi sau ɗaya, kowane sashe ya ci gaba da amfani da shi.

Kafin a sa hannu a kan samfuri

Hadimin da aka kawo wa zane don ya amince ba sai ya zama gwanin CorelDRAW ba. Abubuwa kaɗan ne zai nema.

Na farko, ya sa mai zanen ya buga masa wannan layi da harafin da ya zaɓa, manya da ƙanana: Ɓaure, Ɗanɗano, Ƙoƙari, 'Ya'ya, ₦500. Idan harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa a kauri ko tsawo, a canza salon gaba ɗaya, ko a zana ƙugiyar da hannu daidai kaurin sauran jikin harafin.

Na biyu, harafin ado ya tsaya a kanun fasta. Rana, wuri, lokaci da lambar waya su zo da harafi mai sauƙin karatu irin su Noto Sans, Andika ko Charis, waɗanda ke da haruffanmu cikakku. Salo biyu sun isa fasta guda. Idan suka kai biyar, ta zama kasuwar ƙauye ranar laraba, kowa na magana babu mai jin wani.

Na uku, a gwada nisa. Masu rubuta alluna suna da wani ƙiyasi na gado: inci ɗaya na tsawon harafi ga kowace ƙafa goma ta tazarar mai karatu. A buga samfurin a takarda, a manna a bango, a ja da baya, a kuma kira masinja ko direba ya karanta da ƙarfi. Inda ya yi tuntuɓe, nan jama'a za su yi.

Na huɗu, kafin fayil ya bar ofis zuwa wurin masu ɗab'i, ko a Garki ne ko a Shomolu, a tabbatar an mayar da rubutun zane, ko an kulle haruffan a cikin PDF. In ba haka ba, kwamfutar mai ɗab'i da ba ta da wannan harafi za ta musanya shi da wanda ta ga dama, kuma ba za a sani ba sai kaya sun iso.

Na ƙarshe, a nemi takardar lasisin harafin a haɗa ta cikin fayil ɗin kwangila, kusa da rasit.

Duk wannan bai fi aikin rabin sa'a ba ranar da aka kawo samfuri. Tsofaffin haruffan nan suna da kyau, kuma sun yi shekara 200 suna tsayar da mai wucewa, don haka babu laifi a yi ado da su. Sai dai waɗanda suka sassaƙa su a Landan da New York ba su taɓa jin kalmar baƙo ba. Wanda ya san bambancinta da baki shi ne ke zaune a ofis da biro a hannu, kuma sa hannunsa ake jira kafin injin ya tashi.